Mutumin da Ya Auna Zaman Banza

Da kakar bana shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Nuhu. Ana yankan gero muka kai shi makwancinsa, ga shi an sake fara yanka, amalanke na shigowa Daura da dammuna kamar ba abin da ya faru. A shekarun da suka wuce ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Nakan tara iyalinsa mu yi masa addu'a, a raba waina, kowa ya kama gabansa. Tsufa ya rage mini son magana, yawon duniya kuma ya koya mini cewa yawancin bayani ba ya isa inda aka aike shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne 'yarsa Rukayya, da wani suna da garin nan ya laƙaba wa ubanta, sunan da ya ƙi bin sa kabari.

Rukayya tana koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata. Wani malami abokin aikinta, mutumin Sandamu, ya fito neman aurenta, ita ma tana so. Kamar yadda aka saba, danginsa suka ce sai sun yi bincike. Baffan yaron, Alhaji Haruna, manomi ne mai harkar dabbobi. Ya zo unguwarmu bayan la'asar, ya zauna a majalisar bakin masallaci, ya tambaya ko 'yar wace gida ce. Aka ce masa, ai 'yar Malam Zaman Banza ce. Ya tambayi sana'ar marigayin, aka yi dariya aka ce sunan ya riga ya ba shi amsa. Wani ya ƙara da cewa a zaune yake wuni, abincinsa na zuwa daga Turai ta cikin kwamfuta. A zamanin Nuhu wannan magana ta raha ce. A yau da kowa ya ji labarin samarin da ke damfarar mutane ta intanet, ta koma wani abu dabam. Alhaji Haruna ya tafi gida, maganar aure ta yi sanyi.

Rukayya ta same ni a zaure, ta durƙusa ta gaishe ni. Sannan ta ce, "Baffa, na san aikin Abba. Amma in ni na faɗa, za a ce 'ya ce ke kare ubanta. Kai ne za a saurara."

Ban tabbata za a saurare ni ba, amma ga shi ina faɗa.

Sunan daga bakin Nuhu ya fito, shi ne abin da ya fi ba ni takaici. Ya yi karatu a Zariya, ya wuce Turai, ya daɗe yana aikin rubuta manhajar kwamfuta. Da ƙarfin Innarmu ya fara ƙarewa sai ya tattaro ya dawo Daura, ya ci gaba da aikin daga gida. Bai jima da dawowa ba aka yi wani bikin suna a dangi. Taubashinsa Lawal, wanda bai taɓa barin sa ya sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba, ya tare shi a gaban jama'a.

"Kai Bature, duk shekarun nan cikin ƙanƙara, wace sana'a ka koyo mana?"

Nuhu ya ce, "Auna zaman banza nake yi."

"Zaman banzan wa?"

"Na inji."

"To wallahi ka yi dabara da ka dawo gida. Nan kasuwarka za ta buɗe."

Aka kwashe da dariya, har da shi. Magana zarar bunu ce. Kafin a watse ya zama Malam Zaman Banza, kuma haka yara da manya suka kira shi har ya bar duniya.

Gaskiya ya faɗa, kuma ni kaina sai da ya kai ni injin niƙa na gane. A lokacin ina aikin tafinta a Jidda, na zo hutu. Muna wucewa ta injin da ke kan kwanar unguwarmu ya tsayar da ni, ya nuna mini kwanukan mata a jere. Ya ce kowace kwamfuta, har wayar da ke aljihuna, haka take. Ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi kamar injin nan ce, ba ta iya niƙa wa kowa a lokaci ɗaya, ayyuka kuwa ga su nan sun yi layi. A can cikin ƙwayar manhajar da ke mulkin na'urar akwai wani ɓangare da ya kira mai rabon layi. Shi ke cewa wannan ya shiga, wancan ya dakata, yana ba kowa ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, har mai amfani da na'urar ya ɗauka komai tare yake tafiya. Nuhu ya ce mai rabon layi na farko da tarihin Daura ya sani shi ne macijin rijiya, kuma ba a taɓa yin mara adalci kamarsa ba, tunda gari guda ya ba rana ɗaya a mako.

Tambayar da Nuhu ya ƙare rayuwarsa a kanta ita ce: yaya za a san yawan aikin da injin yake yi? Amsar ba ƙaramin abu ba ce. Da ita na'ura ke sanin ko ta ƙara gudu ko ta sassauta, da ita batir ke daɗewa ko ya mutu da wuri, da ita masu manyan na'urori ke yanke shawarar sayen ƙari. Dabarar da aka yi ita ce, idan layi ya ƙare ba kowa, mai rabon layi ba ya kashe injin. Sai ya miƙa shi ga wani aiki na musamman wanda aikinsa shi ne rashin yin komai. A ƙidaya lokacin da wannan ya ci, a cire daga jimla, abin da ya rage shi ne aikin gaske. Wato kafin ka san wahalar inji, sai ka auna zaman banzansa.

Matsalar tana wajen yadda ake ƙidayar. A tsohon tsari, na'urar leƙe take yi. Akwai agogo a ciki mai bugawa daidai wa daida, duk bugu sai a leƙa a ga wa ke kan inji, a ɗora masa dukan lokacin da ke tsakanin wannan leƙe da na baya. Nuhu ya ce in ɗauka mai injin niƙa yana gida, yana turo ido a lokuta sanannu. Matar da ta saba zuwa bayan ya leƙa, ta gama kafin ya sake leƙowa, har abada ba za ta shiga lissafinsa ba, ko da ita ce ta fi kowa cinye injin. Wadda kuma tsautsayi ya sa kullum ita ake tararwa, ko gwangwani ɗaya ta kawo, ita za a ce ta tare wuri. Inji na iya yin zafi kamar ya kama da wuta, ma'auni yana cewa hutawa yake yi. Ba wanda ya yi ƙarya. Lokacin leƙen ne ba ya canzawa.

Shi da wasu da bai taɓa gani ido da ido ba, wani a Indiya, wani a Jamus, sun yi shekaru suna jayayya ta saƙonni kan gyaran wannan. Ra'ayin da yake bi shi ne a daina dogara da leƙe, a riƙa duba agogo a daidai lokacin da wani aiki ya sauka wani ya hau. Masu ja da shi suna cewa duban agogon ma lokaci yake ci, mai awo zai riƙa cin hatsin da yake aunawa. Suna da hujja, shi ma ya yarda suna da ita. Na tuna ranar da ya fito yana murza ido, ya ce mini an karɓi rabin gyaransa an mayar masa da rabi. Na ce ko ya ji haushi. Ya ce a'a, gajiya dai.

Abin da ban iya mantawa ba shi ne, garin nan ya yi wa Nuhu daidai abin da tsohon ma'aunin ke yi wa inji. Daga sallar asuba yakan shige ɗakin aikinsa ya rufe ƙofa, ba ya fitowa sai azahar. Daga nan sai ɗakin Inna. Shi ke ɗaga ta, shi ke juya ta, shi ke ba ta abinci a baki, don ba ta yarda da hannun kowa. Bayan la'asar sai ya bar na'urorinsa suna gwajin abin da ya rubuta, ya fito ya zauna a dakali ya lumshe ido, saboda likita ya ce ya riƙa hutar da su. Wannan kuwa shi ne lokacin da Daura ke wucewa ta ƙofar gidanmu, masu dawowa daga kasuwa, masu tasowa daga ofis, masu zuwa majalisa. Kullum suka leƙa a zaune suke ganin sa, sai suka ɗora masa wunin gaba ɗaya.

Na taɓa ce masa ya canza lokacin zamansa, ko ya tashi a masallaci ya yi bayani. Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, abin da suka gani suka faɗa. In na fara zama don a gan ni ina aiki, na zama irin manhajar da ke yaudarar ma'auni, wadda nake kamawa." Na bar shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma suna linzami ne, kuma ba mai shi kaɗai yake ja ba.

Abokin zamansa a wannan lokaci shi ne Obi, ɗan kabilar Ibo mai shagon kayan gyaran babur da janareta a tsallaken hanya, wanda Hausarsa ta fi ta wasu jikokina. Yakan ɗauko bencinsa ya tsallako yana cewa, "Shugaba, an buɗe taron ƙungiya?" Nuhu ya ce, "Sai ma'aji ya zauna." A wajen Obi ne na ji Nuhu ya warware wani abu da ya dame shi a aikin. Wani lokaci inji yakan tsaya ba don aiki ya ƙare ba, sai don abin da zai niƙa bai iso ba, yana hanya daga ma'ajiyar na'urar. A wane gida za a sa wannan tsayuwar? Ya ce Hausa ta raba abu uku: hutu, da jira, da zaman banza. Mai hutu ya yi aiki ne yana mayar da numfashi. Mai jira yana da aiki, kayan aikin ne ba su zo ba. Mai zaman banza shi ne ba ya da komai a gaba ko a baya. Daga nesa duk su ukun a zaune suke. Obi ya ce shi dai tunda kayansa suna kan hanyar Kano, a rubuta shi cikin masu jira, kada matarsa ta ji wani labari.

Na yi ta juya wannan a harsunan da na tsinta a yawo. Balarabe in ya ce faragh, wofi yake nufi, wurin da ba komai a ciki. Direbobin Damagaram sun ari ralanti daga Faransanci, injin da ke kunne yana numfashi a hankali. Kowane harshe ya kama gefe ɗaya ya saki sauran. Amma kuskuren leƙe ban je ƙasar da babu shi ba. A tashar jiragen ruwa ta Abidjan na ga 'yan dako da suke tsaye a bakin ƙofa tun duku-duku suna jiran jirgi, mai wucewa a mota yana cewa ga marasa aikin yi. A Jidda baƙo yakan fito da tsakar rana ya tarar da kantuna a rufe, ya koma ƙasarsu yana ba da labarin lalaci. A Hamburg na ga inda ake auna mutum da lokacin shigarsa da na fitarsa, abin da ya yi a tsakani kuwa sai Allah. Kowa yana leƙawa a lokacin da ya dace da shi, ya tafi da abin da ya gani kamar shi ke nan.

Inna ta riga Nuhu rasuwa da shekara guda. Mun ɗauka zai samu sauƙi, ashe jikin ya riga ya karɓi abin da ya karɓa. Hawan jini ne. Da hantsi ya faɗi a gaban teburinsa, ƙofa a rufe, sai da matarsa Amina ta kai masa kunu ta tarar da shi. A zaman makoki na ji wani dattijo, da kyakkyawar niyya, yana cewa, "Allah sarki, mutumin da ba ya da wahalar komai." Inji ya ƙone, ma'auni yana nuna hutu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Wayar da a zamaninsa sai wane da wane, yanzu tana hannun mai tallan rake, kuma a cikin kowace akwai mai rabon layi yana aikinsa ba wanda ya san da shi. Ina jin wannan zai faranta masa rai. Sauran kuwa ban sani ba. Da zai bi hanyar Mai'adua ya ga 'yan acaba a jere ƙarƙashin bishiya, cikinsu har da masu digiri, kowa ya kifa kai a kan waya. Manya sukan wuce cikin mota mai baƙin gilashi, su leƙa sau ɗaya, su je taro su ce matasanmu ba sa son aiki. Nuhu zai tambaya, nawa ne a cikinsu masu hutu, nawa ne masu jira? Iyakar ƙasa yau a buɗe gobe a rufe, taki ya fi ƙarfin mai gona, takardar neman aiki ta tafi ba ta dawo ba. Inji a kunne, hatsi bai iso ba. Zai kuma ga ɗaya gefen, masu zuwa wurin aiki da safe su dangwala yatsa a na'ura su ɓace, su dawo daidai lokacin tashi su sake dangwalawa. Su ma'auni ya cika musu wuni. Ina jin ba zai yi fushi ba. Zai murza ido ne kawai, irin na ranar da aka mayar masa da rabin gyaransa.

Na hau mota na tafi Sandamu. Na sami Alhaji Haruna a ƙofar gida ana sauke masa harawa. Ya karɓe ni da mutunci, aka kawo fura. Na fara bayanin ƙwaƙwalwar na'ura da mai rabon layi, na duba fuskarsa na ga ladabi ne kawai ke riƙe da shi. Da na tsagaita ya ce, "Alhaji, ban ƙaryata ka ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Unguwa guda ba za ta haɗu a kan suna ɗaya ba sai da dalili."

Na ce, "Da wane lokaci ka zo unguwar tamu?"

Ya ce, "Bayan la'asar."

Na ce, "To abu ɗaya nake roƙo. Ka sake zuwa da safe, ka tambayi mutanen safe. Kada ka gaya mini ranar, kada ka biyo ta gidana."

Ya zo, ban san ranar ba sai daga baya. Ya tambayi ladan, wanda ya gaya masa cewa a lokacin hutun makaranta ɗalibai daga Kano da Katsina sukan yi sallar asuba a masallacinmu, su bi Nuhu ɗakin aikinsa yana koya musu. Ya tambayi mai ƙosai ta bakin lungu, ta ce ita dai ta san ƙarar janaretansa ke riga ta hura wuta. Ya tambayi tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke zuwa duba Inna, ta ce ba ta taɓa ganin ƙurjin kwanciya a jikin tsohuwar ba, kuma ta san hannun da ya hana. Ya tsallaka wajen Obi, wanda yanzu furfura ta cika masa kai. Obi ya ce, "Baba, in zaman banza ke cinye janareta haka, da na yi arziki a garin nan." An ce daga nan ya shige cikin shago.

Alhaji Haruna ya biyo ta zaurena bayan kwanaki. Ya ce har yanzu bai gane aikin ba, kuma ba ya jin zai gane. Amma ɓarawo ba ya tara ɗalibai a ɗakin da yake sata. Ya ce in an shigar da dawa za su zo a sa rana.

To me ya rage na Nuhu? Na tambayi ɗaya daga cikin ɗaliban nan, wanda yanzu shi ma aikin yake yi, ko abin da Nuhu ya rubuta yana nan. Ya ce yawancinsa wasu sun sake rubutawa, haka aikin yake, hannu da yawa ne kuma ba a barin sawun kowa ya daɗe. Hanyar da ya goya wa baya dai tana nan ana bi. Sunan ma yana nan. Lawal ya tsufa, ba ya gani sosai, amma in an ambaci Nuhu sai ya ce, "Allah ya jiƙan Zaman Banza." Na daina gyara masa. Na gaji, kuma na lura a bakinsa sunan ba zagi ba ne. An ce shaidar duniya ita ce ta lahira. Ina fata in za a karɓi ta Nuhu, a haɗa da ta mutanen safe.

Dawa ba ta shigo ba tukuna. Jiya Rukayya ta kawo mini abinci, ta same ni a dakalin ubanta bayan la'asar, na lumshe ido. Ta ce, "Baffa, mutane na wucewa, za su ce ka gaje shi." Na ce su faɗa. Ta ajiye kwanon ta zauna a gefe, muna kallon hanyar da ta fito daga Sandamu. Can ta ce, "Wannan zaman namu fa, a wane gida Abba zai sa shi?"

Na ce mata jira ne. Hatsi na hanya.